Hattara da masu sayar da jabun kaset na sabbin gem ɗin tsofaffin injina

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk wanda ke da tsohon injin gem a ajiye, NES ne, ko Sega Mega Drive, ko Game Boy, ko Atari 2600, kuma yake sha'awar sabbin gem ɗin da ake ƙera wa waɗannan injina a yanzu. 'Yan damfara sun shigo harkar nan da ƙarfinsu. Wasu za su karɓi kuɗinka su yi ɓatan dabo. Wasu kuma za su turo maka kaset ɗin, amma gara ma ba su turo ba, domin abin da ke cikinsa yana iya lalata maka injin da aka daina ƙera irinsa tun da daɗewa.

Ga wanda bai san harkar ba, injinan nan sun tsufa ƙwarai. Atari 2600 ya fito a 1977. Famicom ya fito a Japan a 1983, aka kai shi Amurka da sunan NES a 1985. Mega Drive a 1988, Game Boy a 1989. Yawancin kamfanonin da suka yi su sun daina fitar musu da gem tuntuni, amma masu ƙaunarsu ba su daina ba. Ed Fries, wanda ya taɓa zama babban jami'i a Microsoft, ya rubuta gem ɗin Halo 2600 a 2010 cikin kilobayit 4 kacal, a kan Atari 2600, injin da ƙwaƙwalwar aikinsa gaba ɗaya bayit 128 ce. Mutum biyu a Jamus suka cusa Micro Mages cikin kilobayit 40, ya fito a kan NES a 2019. Matt Phillips a Ingila ya yi Tanglewood na Mega Drive da irin kayan aikin da masu rubuta gem suka yi amfani da su a zamanin injin, ya fitar da shi a 2018. Da manhajoji irin su GB Studio da NESmaker suka zo, ƙofa ta ƙara buɗewa ga waɗanda ba su ƙware a rubutun kwamfuta ba. Yawancin masu wannan aiki ba kamfanoni ba ne. Mutum ne ɗaya ko biyu, da dare bayan sun taso daga aiki, shekara da shekaru. Da yawansu suna ɗora fayil ɗin gem ɗin a shafin itch.io kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don kawai mutane su buga su ji daɗi.

A nan ɓarawon yake jira. Ya sauke fayil ɗin, ya zuba shi a mafi arhar fanel da zai iya samu, wato ɗan allon lantarkin da ke cikin kaset, ya buga sitika da hoton da ya kwafo daga shafin mai gem ɗin, ya rubuta cewa guda ƙalilan aka buga kuma sun kusa ƙarewa. Wanda ya sha wahalar aikin ko labari bai samu ba, balle ya ga ko sisi. Sau da yawa ma gem ɗin da ke ciki ba cikakke ba ne, na gwaji ne da aka saki don talla, sai ka gama mataki na biyu ko na uku ka ga ya tsaya cak. Wani kuma tsohon gem ne na kamfani aka canja wa jarumin kaya da suna, aka ce sabo ne fil.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cikin kaset ɗin. Duk wanda ya taɓa kwance irinsa ya san abin da nake nufi. Robar ba ta da nauyi, gefunanta ba su haɗe daidai ba. Ka buɗe ka ga ɗan guntun fanel da bai cika rabin gidan ba, an ɗiga baƙin ƙaro a kan ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da gem ɗin, ko kuma an goge lambar da ke bayanta da gangan don kar a gane ko wace iri ce. Haƙoran da ke shiga bakin injin farare ne, dalma ce aka shafa, ba ruwan zinare mai tauri da ke jure cusawa da zarewa ba. Ka shafa bakin fanel ɗin da yatsa ka ji kaifi, ba a fere shi ba. Kaset na ƙwarai ana fere bakinsa ne don ya zame tsakanin haƙoran injin a hankali. Wanda ba a fere ba turo su yake yi yana lanƙwasawa, dalmar kuma tana goguwa tana taruwa a ciki. Bakin Mega Drive haƙora 64 ne da shi, na NES 72, kuma ɗaya kawai ya isa ya hana hoto fitowa.

Sai maganar wuta, wadda ido ba ya gani. NES da Mega Drive da Super Nintendo da Game Boy na farko duk da bolt 5 suke magana da kaset. Yawancin ƙwaƙwalen ajiya masu arha da ake samu a yau kuwa na bolt 3.3 ne. Mai sana'a na gaskiya yana sa abin daidaita wuta, ya kuma sa wasu ƙananan sassa tsakanin injin da ƙwaƙwalwar don su riƙa sassauta ƙarfin saƙon da ke kai da komowa. Ɗan damfara tsallake su yake yi, tunda kowanne yana rage masa riba. Kaset ɗin zai tashi, zai yi aiki yau, zai yi gobe, shi ya sa mai saye ke tsammanin lafiya lau. Amma duk lokacin da yake kunne, rarar wutar tana bi ta inda ba a yi don ta ba, ƙwaƙwalwar tana ɗumi, sassan injin suna jan nauyin da ya fi ƙarfinsu. In an yi sa'a kaset ɗin ne zai mutu. In ba a yi ba, abin ya taɓa injin. Kuma ku tuna, ƙwaƙwalwar hoto ta NES da kamfanin Ricoh ya ƙera ba a yin ta yanzu. In ta ƙone, sau da yawa sai an fasa wani tsohon injin an ciro tasa. Wannan asara ce da ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba, kowane inji da ya mutu ya rage adadin waɗanda suka saura a duniya.

Salo na biyu shi ne na kafin alƙalami. Za ka ga shafi sabo, hotuna masu ɗaukar ido, kwali mai ƙyalli, da alkawarin cewa gem ɗin yana hanya, a biya yanzu kafin gurbi ya cika. Bayan an biya sai uzuri ya fara. Yau masana'anta ce ta yi jinkiri, gobe kwantena ce ta maƙale, jibi an gano ɗan kuskure ana gyarawa. Wannan jan ƙafar ba a banza ake yin ta ba. PayPal yana ba mai saye kwana 180 ne ya shigar da ƙorafi, kuma bankunan da ke ba da kati su ma suna da nasu wa'adin. Burin mutumin shi ne ya riƙe ka da romon baka har wa'adin ya wuce. Daga nan sai ya rufe shafin, ya buɗe wani da sabon suna. In kuma ya ce ka tura kuɗin ta hanyar da aka ware don 'yan'uwa da abokai, wai don a kauce wa caji, ka sani wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan. Haka kuɗin kirifto da katin kyauta, in sun tafi sun tafi. Shafukan haɗa gudummawa ma a fahimce su da kyau. Kickstarter da kansa ya faɗa cewa shi ba kanti ba ne, ba ya lamunin cewa kayan za su iso. A Indiegogo kuwa an taɓa yin tsarin da mai aikin zai riƙe abin da aka tara ko da bai kai adadin da ya nema ba.

Akwai abin da ya faru a 2016 da ya kamata kowa ya sani. An yi ta tallar wani sabon inji mai cin kaset da suna Coleco Chameleon, wanda a baya ya nemi dala miliyan 1.95 a Indiegogo da sunan Retro VGS bai samu ko kusa ba. A watan Fabrairu aka nuna shi a baje kolin kayan wasa na New York, a cikin gida irin na Atari Jaguar. Masu lura suka ƙura wa hotunan ido, suka ga ramukan bayan injin sun yi daidai da na ƙaramin Super Nintendo. Da aka fitar da wani hoto mai gida garau don a nuna cikinsa, sai suka gano fanel ɗin na katin ɗaukar bidiyo ne irin na kyamarar tsaro. A watan Maris masu mallakar sunan Coleco suka janye sunansu, neman kuɗin da aka shirya a Kickstarter bai ma fara ba. Mutanen da suka san kamannin fanel, suka kuma nace sai an nuna musu, su ne suka hana kuɗin dubban jama'a shiga wannan rami.

Saboda haka kar a yi cinikin biri a sama. Ka ce a nuna maka bidiyo ɗaya da ba a yanka ba: a ɗauki kaset da hannu, a cusa a ainihin injin, a kunna, a ga hoto a talabijin, a ga yatsu a kan maɓallai. Bidiyon da aka ɗauka daga manhajar kwaikwayon inji a kwamfuta ba ya tabbatar da cewa akwai kaset a duniya. Ka ce a nuna hoton fanel ɗin gaba da baya. Mai aiki na gaskiya alfahari yake da fanel ɗinsa, zai ma gaya maka sunan sassan ba ka tambaya ba. Ka kuma auna hotunan da ƙarfin injin. Game Boy na farko inuwa huɗu kawai yake nunawa a allon 160 da 144. NES ba ya iya jera ƙananan siffofi masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya ba tare da sun riƙa ƙiftawa ba. In ka ga hoto cike da launuka da haske mai narkewa an ce na NES ne, a kwamfuta aka zana shi. Abu mafi sauƙi kuma shi ne ka nemi ainihin mai gem ɗin a shafinsa ka tambaye shi ko ya san wannan mai sayarwa. Kusan kullum suna amsawa, kuma yawancinsu sun rubuta sunan mawallafin da suka yarje wa ya buga musu kaset.

Ba na so wannan ya sa a riƙa zargin duk wanda ya makara. Jinkiri ruwan dare ne a harkar nan, domin mutum ɗaya ne ke rubutu, shi ke gwaji, shi ke naɗe kwali. Amma mai gaskiya in ya makara za ka ga yana nuna inda aiki ya kai, sunansa ɗaya ne tun shekaru, ana iya ganin gem ɗin da ya fitar a baya, kuma in ka nemi kuɗinka zai mayar ko ya faɗa maka ranar da zai iya. Wanda ke goge tambayoyi, yana toshe duk wanda ya matsa, yana kiran masu ƙorafi maƙiya, wannan ka yi nesa da shi.

In ka riga ka biya kuma kana jira, ka duba ranar da ka tura kuɗin yau ɗin nan, ka shigar da ƙorafi kafin wa'adi ya cika, ko da yana ta rantsuwa cewa kaya sun taso. In kayan sun iso daga baya kana iya janyewa, amma in wa'adi ya wuce ba ka da madafa. Ka adana hoton tallar da duk saƙonnin da kuka yi kafin ya goge su. In kuma kaset ɗin yana hannunka kana shakkarsa, ka zare shi daga injin, ka kwance shi, ka kai wa wanda ya san gyaran lantarki ya karanta lambar ƙwaƙwalwar ya duba ko akwai masu daidaita wuta. Ka tura wa mai gem ɗin hoton kaset ɗin da adireshin tallar, domin shi ne ke da haƙƙin mallaka, kuma ƙorafinsa ne kasuwannin intanet suka fi saurin saurara wajen sauke talla. In gem ɗin ya burge ka, ka sayi fayil ɗinsa daga hannun mai shi, ka buga a kaset ɗin ajiya mai inganci, wato wanda ake zuba wa fayil ɗin gem, da ka saya daga wanda ya ƙera shi, tunda shi ma wannan ɗin, irin su EverDrive, an cika kasuwa da jabunsa.