Auduga ko Ulun Roba: Wanne Ya Dace da Legas?

Matan Agege da yawa ulun roba suke saya a kasuwar Balogun don saƙa kayan jarirai. Yana da araha, launinsa ba ya koɗewa, ko da damina ka shanya shi nan da nan ya bushe. Amma roba ce: ba ya shan gumi, kuma dutsen guga na narkar da shi. Na ga jaririyar maƙwabciyata cikin rigarsa, wuyanta duk ƙurajen zafi, abin tausayi.

Zaren auduga ya fi tsada, ba ya miƙewa a kan tsinken saƙa, har yatsu su yi ciwo. In ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba. Duk da haka, a zafin Legas shi nake saƙa wa jariri.