Maganin "nano" na farantin sola: yana rage wahalar wanki, ba ya korar ƙura

Masu sayar da maganin nan da ake shafa wa gilashin farantin sola a Birnin Kebbi sukan ce fasahar 'yan sama jannati ce. Akwai ƙamshin gaskiya, don a kayan aikinsu ma ana yin shafi mai matuƙar siranta, irin wanda ake kira "nano". Madubin na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba a 2021, zinariyar da aka shafa masa kaurinta nanomita 100 ne kacal (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), alhali silin gashi ɗaya ya kai wajen 80,000. Sai dai ƙura ta gagari NASA kanta, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka: na'urar InSight ta daina aiki a duniyar Mars a Disambar 2022 saboda ƙura ta lulluɓe farantanta na sola. Don haka wanda ya ce maka ka rabu da wanki har abada, ciniki yake nema.

Abin da ke cikin kwalbar ƙwayoyin silika ne (sinadarin da ke cikin yashi) a cikin sfirit. In ya bushe sai ruwa ya daina manne wa gilashi, kashin tsuntsu da laka su fita da gugar farko. A nan ya ci kuɗinsa.

Shafawar ce ke son kula. A yi da sassafe ko bayan la'asar, gilashi na da sanyi. In da zafi, sfirit ɗin zai tashi kafin a baza shi, ya bar zane-zane masu tare haske. A wanke, a goge da sfirit, a bari ya bushe ƙarau. Kada a wanke da ruwan burtsatse mai zartsi, farin tabon da yake bari zai maƙale a ƙarƙashin maganin. Galibi mil 5 zuwa 10 ya isa murabba'in mita ɗaya, a ɗiga a ƙyalle mai laushi, a shafa tsaye da kwance, sannan kada ruwa ya taɓa shi kwana guda.

Inda ya gaza shi ne hunturu. Ruwan sama maganin yake jira ya kwashe ƙura, daga Nuwamba zuwa Maris kuwa babu ko yayyafi. Ga shi farantanmu kusan a kwance ake girka su, digiri 12 zuwa 15, ɗigon ruwa ba ya gangarawa sosai, sai ya tara ƙura ya bushe dabbare-dabbare. Guga da busasshen tsumma kuma tana kankare maganin da wuri.

Mai famfon sola a fadamar Argungu ya gwada a faranti ɗaya tukuna, ya auna amfiya (yawan wutar da yake bayarwa) da tsakar rana, ya kwatanta da na kusa da shi bayan mako biyu. Sabon faranti kuwa a fara duba takardar garanti, don yawanci sun zo da nasu shafin daga masana'anta.