Gargaɗi ga masu sayen injin gas na hannu: hattara da masu cewa "ringi kawai yake so"

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu shirin sayen injin gas na hannu ne a kakar nan, na niƙa ko na casar shinkafa ko na ban ruwa, musamman 'yan'uwanmu na wajen Ringim da Taura har zuwa Auyo da Haɗeja. Akwai wasu mutane da ke bin kasuwannin ƙauye da injuna a bayan a-kori-kura, sun sha sabon fenti, a ce maka na Beljiyam ne, ko na wani Alhaji ne da ya koma sola. Sun san an sayar da riɗi da shinkafa, kuɗi na hannun manoma.

Ba mutum ɗaya ba ne. Da mai injin, da dillali, sai wani da zai ɓullo da riga duk baƙin mai, wai bakanike ne wucewa ya zo yi. Shi zai kasa kunne ya ce, "Alhaji, wannan ai lafiyarsa ƙalau, ringi kawai yake so." (Ringi shi ne zoben ƙarfen da ke jikin fistin, mai hana matsin iska zurarewa.) Kana cikin shawara sai na huɗu ya iso ya taya sama da tayinka, a ce ka ajiye kafin alƙalami kada a sallama masa. Duk bakinsu ɗaya.

Haka aka yi wa wani mai niƙa a garinmu. A kasuwa bugu ɗaya injin ya tashi. Washegari da sanyin safiya ya yi ta juya handul har kafaɗa ta gaji, ko tari injin bai yi ba. Da aka kwance shi, silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, ya cinye, kan silinda a tsage an liƙe da gam an bi da fenti, kiranshaf kuwa, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, an sha yanka shi wajen gyara har babu sauran abin yanka. Lambar dillalin a kashe take har yau.

Injin gas ba shi da fulogi, matsin iska ne ke kunna mansa. Idan ringi da silif sun ci, matsin ya ragu, to da zafi zai tashi, da sanyi ba zai tashi ba. Shi ya sa suke ɗumama shi kafin ka iso, wasu ma su kanga tsumma mai fetur a bakin shan iska. Don haka kafin a taɓa handul, ɗora hannunka a kan silinda. In ka ji ɗumi, ka ce a bar shi ya kwana a wurin da ka yarda da shi, da asuba a tayar a gabanka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Sai baƙin mai. Zaro sandar awon mai ka murza a yatsa. In ya yi kauri yana warin man giya, an zuba ne don ya danne ƙara da hayaƙi. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa na shiga. A tsiyayo kaɗan daga ƙasa a duba a rana, ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki alamar metal, wato ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, ya ci ne. Ni har mai fes-fes a tsohon injin gas ba ya kwantar mini da hankali, don man injin gas ba ya daɗewa bai yi baƙi ba.

Injin na a kashe, ka kama fulawul, wato babbar tayar ƙarfen da ke gefen injin, da hannu biyu ka jijjiga sama da ƙasa, bai kamata ka ji wasa ba. Idan ya tashi, duba bututun numfashi ko bakin zuba mai: hayaƙi na bugowa da ƙarfi, matsi ne ke zurarewa ta gefen ringi. Leƙa tankin ruwa tun bai yi zafi ba, kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, gasket ne ko tsaga. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai yake sha, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama ko ruwa ne ko gas da bai ƙone ba. Kuma kada ka yarda da tashi a banza. A ɗaura bel, a zuba masara ko a ja ruwa na kamar rabin awa, a nan ake gane mai ƙarfi.

Akwai kuma sauya lamba, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. A injunan Caina masu silinda ɗaya, lambar tana faɗin girman silif: 195 na nufin silinda ɗaya mai faɗin milimita 95, 1115 kuma milimita 115. Sai a ɓamɓaro farantin babba a manna wa ƙarami, ka biya kuɗin mai ƙarfin doki ashirin ka tafi da mai ƙarfin doki goma sha biyu. Awon silif ne ke tona wannan.

Ba cewa nake kowane tsohon injin asara ba ne. Wanda ringi, fistin, silif, gasket ko nozul kaɗai ke damunsa, gyaruwa yake, kayan ma ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Amma in bulo, wato gangar jikin injin, ya tsage ko kiranshaf ya ƙare, kuɗin gyaran kan doshi na sabon ɗan Caina, irin wannan sai dai a saye shi a farashin 'yan jari-bola. Kuma ba a gane bambancin sai an ɗaga kan silinda an buɗe murfin kiranshaf. Bakaniken da zai buɗe ya zama naka ne, kai ka ɗauko shi daga gida, kai za ka biya shi.

Idan an daidaita, a rubuta takarda a gaban sarkin kasuwa ko mai unguwa da shaidu biyu, a sa lambar da ke jikin bulo, da sharaɗin mayarwa in aibi ya bayyana cikin kwanakin da kuka yanka. Wanda ya ce sauri yake yi motarsa za ta tashi, ka bar shi ya tafi da injinsa. Duk wanda kuma ya ga irin waɗannan mutane sun sauke kaya a kasuwarsu, ya ɗauki lambar motar ya sanar da sarkin kasuwa ko dagaci tun kafin wani ya miƙa kuɗinsa.