Gargaɗi ga masu sayen fim ɗin kyamara: na biya naira 185,000 don Portra 400, abin da ke cikin gwangwanin daban ne

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, kuma cikin kunya, domin ni da nake zaunar da abokai ina yi musu bayanin bambancin ire-iren fim ɗin ɗaukar hoto, ni ne wani mai talla a Instagram ya damfara naira 185,000 a kan abin da nake taƙamar na sani. Naɗi 10 ne, kowanne naira 18,500, ban da naira 6,000 na mota da na biya aka kawo mini saƙon tasha a Kano.

Mai wankin hoto ne ya kira ni daga Legas da daddare, bai ma tsaya doguwar gaisuwa ba, ya tambaye ni dalilin da ya sa na aiko masa da fim ɗin sinima na rubuta Portra. Ya ce naɗin farko da ya saka a inji ya saki baƙin shafe kamar gawayi, ya ɓata masa sinadarin wanki gaba ɗaya. Sai da na yi masa musu, wallahi, domin gwangwanin da na riƙe da hannuna Kodak Portra 400 aka rubuta a jikinsa.

Ban sayi fim ɗin nan da ka ba. Bikin ƙanwata ne, kuma kusan wata guda na yi ina auna zaɓi. Kodak Gold 200 ya fi araha, amma yana ja zuwa ruwan ɗorawa. Ilford HP5 Plus na san halinsa sarai, sai dai baƙi da fari ne, kuma babu amaryar da za ta yarda a ɗauki lallenta da leshinta babu launi. Fujifilm Pro 400H, wanda masu hoton biki suka daɗe suna so, kamfanin ya sanar da daina yin sa tun 2021. Saura Ektar 100 da Portra 400, a nan ne kuma mutumin ya kama ni.

Na tambaye shi Ektar, sai ya turo saƙon murya na kusan minti biyu, yana cewa: “Yallabai, kada ka ɗauki biki da Ektar, launinsa ya cika zafi, zai sa fuskar amarya ta yi ja. Portra aka yi domin fatar mutum, kuma ko ka ba shi haske fiye da ƙima zai jure.” Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ci ni. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun da abin ya faru, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, ban samu ba. Mutumin da ya hana ka sayen abin da ka zo nema, ya kawo maka hujjar da ka san daidai ce, ta yaya za ka zarge shi? Ko rabin awa ba a yi ba na tura masa naira 185,000, ban nemi ragin ko sisi ba.

Na manta ban faɗa ba, kafin nan ya turo mini hoton kwali mai naɗi biyar da ranar ƙarewar wa'adi a jiki. Da kayan suka iso babu kwali, sai robobi a cikin leda, ya ce ya cire kwalayen ne don rage girman saƙo. Na lura harshen fim ɗin, wato bakinsa da ke leƙowa daga gwangwani, ya yi baƙi ƙirin ta gefe ɗaya kuma yankansa kamar na almakashi, amma saura kwana biyu ɗaurin aure, kyamara kuma ta karanta lambar gwangwanin ta nuna 400 kamar yadda ya kamata ga Portra 400, sai na kawar da kai. Tun ina yaro nake saka fim a shagon mahaifina, ba baƙo ba ne ni, gaggawa ce kawai da wancan saƙon murya.

Abin da mai tallan ya yi shi ne, ya tara tsofaffin gwangwanayen Portra, ya yanko Kodak Vision3 500T daga babban naɗi, ya liƙa shi da salatif a guntun da ya rage a ciki. Wannan fim ne na sinima, yana da baƙin shafe a baya, wankinsa ECN-2 ne, ba C-41 da ake wanke Portra da shi ba, kuma don hasken fitila aka yi shi, shi ya sa duk abin da na ɗauka a rana ya koma shuɗi. Ga shi ya tsufa ko ya sha zafi, hotunan duk hazo da tsaki-tsaki. A gefen fim ɗin da aka wanke lamba 5219 ce, babu sunan Portra ko ɗaya. Naɗi 6 na ƙarar a bikin, na kuma biya mai wanki naira 40,000 na sinadarinsa, a kan naira 185,000 ɗin da ta riga ta tafi.

Da na tura wa mai tallan hoton gefen fim ɗin, ya ce shi ma haka aka kawo masa, zai bincika. Washegari ya toshe lambata ya sauya sunan shafin. Ina da rasit ɗin banki, da hotunan hirarmu, da saƙon muryar, da naɗi 4 da ban taɓa ba, zan ɗora su duka da zarar na rufe lambobin da ke jiki.

Kada ku karɓi fim babu kwalinsa a rufe, ku duba bayan harshen, kuma ku wanke naɗi ɗaya kafin ranar aiki. Ƙanwata ta kira ni sau uku a makon nan tana tambayar hotunan kamu, har yanzu ce mata nake yi suna wurin wanki. Allah ya isa tsakanina da shi.