Littattafai biyu na Martin Gardner, da dare uku da allon ces ya cinye mini

Ni da lissafi tun a makaranta sai dai gaisuwa daga nesa, kuma ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe na ɗauka mun yi hannun riga ke nan. Ƙanena ne, wanda yake koyar da lissafi, ya ajiye mini littattafai biyu wata rana ya ce, "Yaya, ka ɗan leƙa waɗannan. Amma don Allah kar ka riƙa duba amsa a baya." Na ce to, don dai kar in gwasale shi. Wata huɗu suka yi a hannuna, ɗayan har bangonsa ya fara naɗewa.

Duka biyun na Martin Gardner ne, Ba'amurke da aka haifa a Tulsa ta jihar Oklahoma a 1914, ya rasu a 2010. Na farko siriri ne, My Best Mathematical and Logic Puzzles, ya fito a 1994, tarin wasa ƙwaƙwalwa guda 70 da ya tsamo daga rubuce-rubucensa na baya. Na biyu kuwa, Fads and Fallacies in the Name of Science, ya girme shi nesa ba kusa ba: a 1952 aka fara buga shi da gajeren suna, aka faɗaɗa shi a 1957. Shi wannan aikinsa tona asirin masu sa wa shirme rigar kimiyya. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne jin cewa marubucin ba shi da digirin lissafi. Falsafa ya karanta a Jami'ar Chicago, lissafinsa na aji bai wuce na sakandare ba, amma ya yi kusan shekara 25 yana riƙe da shafin wasannin lissafi a mujallar Scientific American, daga 1956 zuwa 1981. Ana ganin hakan a alƙalaminsa. Yana rubutu kamar wanda bai manta ɗacin rashin ganewa ba.

Tun a shafukan farko na ƙaramin littafin na ci karo da abin da ya hana ni barci. Allon ces yana da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance, baƙi na bin fari. An ce ka cire gidaje biyu na kusurwa masu kallon juna ta karkace, saura 62. An ba ka ƙwayoyin domino 31, kowace tana rufe gida biyu maƙwabta daidai. Za ka iya rufe allon gaba ɗaya? Na yi dariya. Sau biyu na 31 ai 62 ne, mene ne abin tambaya a nan? Na zana allo a bayan tsohuwar kalanda, na yanyanka kwali gunduwa 31, na fara jerawa. Duk ta inda na ɓullo sai gida biyu su rage, ɗaya can ɗaya nan, ba su haɗa kafaɗa ba. Na sake daga tsakiya, na sake daga gefe, na gwada zagaye kamar nannaɗe tabarma. Dare uku ina wannan aikin, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa abin ba mai yiwuwa ba ne. Kullum gani nake saura ƙiris.

A rana ta huɗu ƙanen nawa ya same ni a tsugune, kwalaye a warwatse. Bai taɓa ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Yaya, gidajen nan biyu da ka cire, wane launi ne?" Na duba: duka farare. Ya ce, "To kowace ƙwaya idan ka ajiye ta, me take rufewa?" Kafin in buɗe baki na riga na ji kunya. Kowace ƙwaya baƙi ɗaya da fari ɗaya take rufewa, ko a tsaye take ko a kwance. Ƙwaya 31 na neman baƙi 31 da fari 31, ni kuwa allona baƙi 32 ne da fari 30. Ko shekara zan yi ina jerawa ba zai rufu ba. Sai a lokacin na lura cewa gidaje biyun da suke ta rage mini duk daren nan baƙaƙe ne kullum. Amsar tana gabana, idona a buɗe, ban gan ta ba.

Irin wannan marin na ruwan sanyi shi ne gishirin littafin. Yawancin tambayoyin ba sa neman wani dogon aiki da alƙaluma, so suke ka juya ka kalli abin ta wata fuska. Akwai na saurayin da yake da 'yan mata biyu a birnin New York, ɗaya a Brooklyn ɗaya a Bronx. Jirgin ƙasa na kowane ɓangare yana zuwa duk bayan minti goma, shi kuma ba ya duba agogo, duk wanda ya fara isowa shi yake hawa. Amma sai ya tsinci kansa a Brooklyn sau tara cikin goma. Da wani ne sai ya rantse yarinyar ta yi masa asiri. Ashe jirgin Bronx minti ɗaya kacal yake zuwa bayan na Brooklyn, don haka sai in ya faɗo cikin wannan minti ɗayan zai hau shi, sauran minti taran duk na Brooklyn ne. Wannan kam na gano shi da kaina, na wuni ina jin kaina.

Da na koma kan littafi na biyu na zaci zan shiga wata duniya dabam. Ban yi nisa ba na ga ashe ɗanjuma ne da ɗanjummai. Mutanen da Gardner yake ba da labarinsu duk masu jera kwali ne irina, bambancinmu kawai su ba su da ƙanen da zai tambaye su launin gidan da aka cire, in ma sun samu, korar sa za su yi. Ga Wilbur Voliva na garin Zion a jihar Illinois, wanda ya dage duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, har ya sa ladan dala 5,000 ga duk wanda ya gamsar da shi cewa dunƙulalliya ce. Alƙalin gasar kuwa shi ne da kansa, saboda haka ba wanda ya ci. Ga masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da reshe mai baki biyu, ga masu cewa ka jefar da tabarau ka motsa ido kawai ganinka zai dawo. Ga kuma babin Lysenko, masanin noma da ya ƙaryata ilimin gadon halitta, inda dariya take tsayawa, domin shi gwamnatin Tarayyar Sobiyet ce ta tsaya masa, a 1948 aka murƙushe ilimin gadon halitta a ƙasar, masana da dama suka rasa aiki, wasu suka rasa abin da ya fi aiki.

Babin da na fi so shi ne na Babbar Dalar Masar. Charles Piazzi Smyth, babban masanin taurari a Scotland a ƙarni na 19, ya auna dalar ya yi ta ninkawa da rabawa har ya fito da tsawon shekara da nisan rana da sauran abubuwan al'ajabi, wai duk an ɓoye su a cikin duwatsun. Gardner bai tsaya musu da shi ba. Sai ya ɗauki hasumiyar tunawa da Washington, shugaban Amurka na farko, a babban birnin ƙasar ya yi mata irin wannan aikin da lamba 5: tsawonta ƙafa 555 da inci 5, gindinta ƙafa 55 kowane gefe, tagoginta a ƙafa 500, sunan Washington harafi goma ne, wato 5 sau 2. Na ajiye littafin na gwada da lambar wayata da ranar haihuwata, cikin minti goma na samo 7 har sau shida. In alƙaluma sun yi yawa kuma an bar ka ka zaɓi waɗanda kake so, babu abin da ba za ka fitar ba.

Gardner ya kuma lissafa alamomin irin waɗannan mutane, kuma duk da an rubuta su fiye da shekara 70 da suka wuce, kai ka ce jiya ya gama zagaya Facebook da YouTube. Mutum yana aiki shi kaɗai, ba ya kai bincikensa gaban abokan sana'a su tantance. Yana ganin kansa gwani na gwanaye, sauran masana duk dolaye. Ƙin karɓar maganarsa ba don ta yi rauni ba ne, makirci ake ƙulla masa. Ba ya faɗa da ƙananan masana, Newton ko Einstein yake nema. Sannan yana ƙirƙiro manyan kalmomi da ba mai fahimta sai shi.

Ba zan ce komai ya yi mini daɗi ba. Littafi na biyu ya tsufa, kuma tsufan yana nunawa: da yawa daga cikin mutanen da yake yi wa tankaɗe da rairaya 'yan Amurka ne na shekarun 1940 da 1950 da yau ba mai tuna su, akwai babukan da na tsallake ban ji na yi asara ba. Wani lokacin ma ba'ar tana yi masa yawa. Mai sayar da maganin bogi ya cancanci abin da ya samu, amma wanda ya ruɗi kansa da zuciya ɗaya, ni da na kwana uku a kan kwali ba na iya yi masa dariya sosai. Kuma ba na jin wanda ya riga ya yi imani da abu zai sauka don an mai da shi abin dariya. A ƙaramin littafin kuwa, awo da inci da ƙafa da tsabar kuɗin Amurka sukan sa ka tsaya ka fassara tambayar kafin ka fara tunani, wasu amsoshin kuma gajeru ne ƙwarai, a layi uku ya wuce wurin da ni nake buƙatar shafi guda.

Ƙanena ya ce Gardner yana da rubuce-rubuce masu yawa a kan wasa da kalmomi, irin jimlar da ake karantawa ta gaba da ta baya ta ba da abu ɗaya. Na leƙa kaɗan ban ji daɗinsu sosai ba, domin wasan kalma a harshensa yake rayuwa, in ka fitar da shi ya zama kifi a tudu. Ribar da na samu dai ita ce na zauna ina laluben namu, na gano "ana" da "aka", waɗanda nake furtawa sau ɗari a wuni, duk haka suke.

Wanda yake son farawa, ya fara da ƙaramin, da fensir da takarda, kuma ya bi gargaɗin da aka yi mini na kar ya leƙa baya. Ni yanzu a kan tambayar ƙwallo na maƙale: an huda rami ta tsakiyar dunƙulallen ƙwallo, tsawon ramin inci 6, ana son girman abin da ya rage. Ba a faɗi girman ƙwallon ba, ba a faɗi faɗin ramin ba, amma an ce bayanin ya isa. Shekaranjiya ƙanen nawa ya aiko a karɓar masa littattafansa. Na ba da babban, na ce a gaya masa ƙaramin sai bayan mako biyu.