Idan safiyon banki ya yi kuskure a kuɗin gida a Ingila: ina ake kai kuka, me ake samu

'Yan uwa na gida da masu shirin tahowa, tambayoyi kan sayen gida a Ingila sun yi yawa, kuma inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe shi ne ƙiyasin da banki ke sa a yi kafin ya ba da bashi. A wajenmu an saba mai saye da mai sayarwa su daidaita ta hannun dillali, a biya, a karɓi takardu. A nan akwai na uku a cinikin, wato bankin da zai zuba mafi yawan kuɗin, kuma ba ya sakin ko sisi sai safiyonsa ya faɗi abin da gidan zai yi a kasuwa.

Wannan ƙiyasi na banki ne, ko da daga aljihunka aka biya kuɗinsa. Abin da yake son sani kawai shi ne, in ka kasa biya aka sayar da gidan, kuɗinsa za su fito? Safiyon kan zagaya na ɗan lokaci, ba ya ɗaga kafet, ba ya matsar da kabad. Wani lokaci daga bakin titi zai duba, wani lokaci ma babu mai zuwa, kwamfuta ce ke tattara farashin gidajen unguwar ta fitar da adadi. Bankuna da yawa ko kwafin rahoton ba sa bayarwa. Masu bi ta bankin Musulunci, inda ake sayen gidan tare kana biyan haya kana sayen kason banki sannu a hankali, su ma sai an yi musu wannan ƙiyasin.

Kuskuren da aka fi gani shi ne a sa wa gida kuɗi ƙasa da yadda aka yi ciniki. A ce an daidaita a kan fam 250,000, ka tanadi kafin alƙalami fam 25,000, banki zai ba da kashi 90 cikin ɗari, wato 225,000. Safiyo ya ce gidan bai wuce 230,000 ba. Banki zai lissafa kashi 90 ɗinsa a kan wannan adadin, ya ba ka 207,000. Giɓin fam 18,000 ya dawo kanka. A nan babu maganar diyya, domin ba ka yi asara ba tukuna, sai dai neman a sake dubawa. Yawancin bankuna suna da fom na hakan, kuma sukan nemi gidaje uku makamantan naka, a kusa da shi, waɗanda aka riga aka sayar cikin 'yan watannin baya, galibi wata shida. Farashin da aka liƙa a shafukan tallan gidaje irin su Rightmove ko Zoopla ba hujja ba ne, buri ne na mai sayarwa. Abin da ake karɓa shi ne kuɗin da aka biya a zahiri, kuma hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, tana fitar da shi kyauta a intanet. Ka dubi yawan ɗakuna, faɗin gidan, ko a manne yake da na maƙwabta, da shekarun da suka rage a takardar haya in fulat ne. Gaskiya ba kasafai safiyo ke sauya ra'ayi ba, sai in ka kama shi da kuskure ƙarara, kamar ya rubuta ɗaki biyu alhali uku ne. Abin da ya fi aiki shi ne a kai wa mai gidan adadin ya rage kuɗi, ko dillalin bashi ya gwada wani banki, da sanin cewa bankunan kan yi aiki da kamfanonin safiyo iri ɗaya.

Duk wannan a yi shi kafin lauyoyi su yi musayar takardun yarjejeniya. A Ingila da Wales, kafin musayar kowa na iya fasawa. Bayanta, mai sayen da ya janye yakan rasa kafin alƙalaminsa, yawanci kashi 10 na kuɗin gidan.

Ɗaya kuskuren ya fi ciwo: ƙiyasi ya yi daidai da ciniki, ka tare, sannan tsaga ta bayyana a bango, ko harsashi na nutsewa, ko katakon rufi ya ruɓe. Doka ba ta rufe ƙofa ba. A 1989 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta yanke hukunci a shari'ar Smith da Eric S Bush. An cire ginin da ke tallafe da bututun hayaƙi a cikin gidan, safiyo bai bi ya ga abin da ke riƙe da sauran tubalan a sama ba, daga baya suka rufto cikin ɗakin kwana. Kotu ta ce safiyon banki yana da alhaki a kan mai sayen ƙaramin gida don zama, tunda ya san da rahotonsa za a dogara, kuma rubutun da ya yi na wanke kansa bai tsirar da shi ba. Amma a 2011, a shari'ar Scullion, kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda ya sayi gida don ya ba da haya ba shi da wannan kariyar, ɗan kasuwa ne, ya nemi nasa safiyon. Masu turo kuɗi daga gida don a saya musu fulat na haya su lura da wannan sosai. Sannan dole ka nuna ka dogara da rahoton, abin da ke da wuya in ba a taɓa nuna maka shi ba.

Ko an tabbatar da alhakin, ba kowane saɓani ne sakaci ba. Kotuna sun yarda ƙiyasi ra'ayi ne, don haka suna barin rata: kusan kashi 5 sama ko ƙasa ga gida irin na kowa, kashi 10 ga wanda ba shi da tamka a unguwa, har zuwa 15 in yana da wani abu na daban. Diyyar kuma ba kuɗin gyara ba ce, bambanci ne tsakanin abin da ka biya da ainihin darajar gidan a ranar saye. A shari'ar Watts da Morrow ta 1991, gyara ya ci kusan fam 34,000, amma aka ba masu gidan 15,000, da fam 750 kowannensu na wahalar da suka sha. A ganina wannan ƙa'ida tana da tsauri ga iyalin da suka zuba duk abin da suka tara, amma haka take, kuma gara a sani kafin a ɗauki lauya.

Da ka ga ɓarna, kada ka kira magini tukuna. Ɗauki hotuna masu kwanan wata, ka kawo wani safiyo mai rajista da ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi ta RICS ya rubuta abu biyu: ko mai duba na hankali zai iya ganin alamar a ranar ƙiyasin, da kuma nawa gidan ya kamata ya yi a wannan ranar, ba yau ba. Da wannan rahoton za ka rubuta koke ga kamfanin safiyon. Duk kamfanin da ke ƙarƙashin RICS wajibi ne ya kasance da tsarin karɓar koke, da inshorar sakacin aiki, da hukumar sulhu mai zaman kanta, kamar CEDR ko The Property Ombudsman, wadda diyyarta ba ta wuce fam 25,000. RICS ɗin kanta tana hukunta mambobinta, ba ta biyan kowa.

Kuka da banki hanyarsa daban. Yana da mako takwas ya ba da amsar ƙarshe, kai kuma kana da wata shida daga ranar amsar ka kai wa Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraron koke kan bankuna, kyauta. Sai dai ita aikin banki take dubawa: jinkiri, bayanin da ya ɓatar da kai, kuɗin da aka caja ba bisa ƙa'ida ba. In banki ya ɗauki ƙwararren safiyo na waje, da wuya ta ɗora masa laifin adadin. In kuma ka karɓi hukuncinta, ba ka komawa kotu kan magana ɗaya.

Kotu ce matakin ƙarshe. Lauya zai aika wa kamfanin safiyon wasiƙar da'awa, su amsa sun karɓa cikin kwana 21, sannan a ba su wata uku su bincika. Wa'adin shigar da ƙara shekara shida ne, ko shekara uku daga ranar da ka gano matsalar, amma ba a wuce shekara 15. Koke a hukumar sulhu ba ya tsayar da wannan wa'adi, kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Da'awar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana bin ƙaramar kotu, mai sauƙin kuɗi. Sama da haka, wanda ya faɗi yakan biya kuɗin lauyan ɗayan, don haka a duba inshorar gida ko ta haɗa da kuɗin shari'a.

A Sikotland tsarin ya fi tausaya wa mai saye: tun Disamba 2008 mai sayarwa ne ke kawo rahoton safiyo da ƙiyasi kafin ya sa gida a kasuwa, kowa ya karanta kafin ya taya. A Ingila kuwa kai za ka nema. Tun 2021 RICS ta kasa binciken gida mataki uku. Na biyu ya wadatar ga gida na zamani mai lafiya, kuma ana iya haɗa shi da ƙiyasi in ka nema. Na uku na tsohon gini ne ko wanda aka yi wa gyare-gyare, kuɗinsa kan kai fam 1,000 ko fiye. Wannan safiyon da kai ya ƙulla yarjejeniya, sunanka ne a kan rahoton. Kafin ka sa hannu, karanta sharaɗin da ke iyakance diyyarsa, ka kuma tambaye shi a rubuce ko zai hau ƙarƙashin rufi ya ɗaga murfin magudanar ruwa.