Ajin rawa na mata zalla a Wuse: wata uku na yi, ga abin da na gani

Wata uku kenan ina zuwa wani ajin rawa a Wuse 2 da ke Abuja, Talata da Asabar, ƙawaye sun ishe ni da tambaya to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Wurin dai tsaf yake, madubi bango guda, ko an ɗauke wuta janareto na tashi nan take, kuma ajin safe mata ne zalla har mai koyarwar, ga labule ba mai leƙe. Dalilin da ya sa na biya kuɗina kenan, don ni kam ba zan girgiza jiki a gaban wani ƙato ba.

Abin dariya, a fom ɗinsu ba a rubuta rawa ba, motsa jiki aka rubuta, kuma rabinmu haka muke faɗa a gida. Wata Hajiya da muke sahu ɗaya ta ce min in Alhaji ya ji kalmar rawa shikenan ta zauna, alhali wallahi duk ajin ba mai saurin ƙafarta. A biki mu yi ta liƙi ga 'yan koroso muna shewa, amma a ce ɗiyarka ce a fagen? Sai kowa ya ce Allah ya tsare.

Anti mai koyarwa ta san aikinta, ba taka nan taka can kawai ba, tana gaya mana inda kowane salo ya fito. Shaku shaku daga Agege take, unguwar talakawan Legas, pantsula ta baƙar fatar Afirka ta Kudu ce a unguwannin da aka killace su zamanin wariyar launin fata, breaking kuma yaran baƙaƙe da 'yan Puerto Rico suka taso da ita a unguwar Bronx ta birnin New York cikin shekarun 1970, ga shi har ta shiga gasar Olamfik a Paris a 2024. Tana cikin bayani na leƙa wajen ajiye motoci, na ce a raina yaron Agege mai abin ko kuɗin wata guda ba zai iya biya a nan ba.

Inda suka ɓata min, na tambaya ko za a ɗan saka kalangu wata rana, aka yi dariya aka ce ai wannan na ranar al'ada ne. Sautin ma ya cika yawa. Zan sake biya dai, amma ki taho da ruwanki, na wurin tsada kamar a filin jirgi.